Annabi Natan da Masu Jarida

Karatu: 2 Sama'ila 12

Sarki Dawuda ya sa aka kashe Uriya, yana tsammani asirinsa ya rufu. Amma Ubangiji ya aiki Natan ya tone laifin a gabansa, sarki kuwa ya tuba.

A zamaninmu masu jarida sukan yi irin wannan aiki. A Amurka, cikin 1972, aka fasa ofishin jam'iyyar hamayya a ginin Watergate. Shugaba Nixon ya nemi binne maganar, amma jaridar Washington Post ta bi sawu, majalisa ta bincika, ya sauka a 1974.

'Yan'uwa, shugaban da ba mai tsauta masa, da shi da talakawansa suna cikin hatsari. Mu yi addu'a domin masu jarida, kada tsoro ko toshi ya rufe bakinsu, kada kuwa su yi shaidar zur.

Tambaya: Cikin ikilisiyarmu, wa ke faɗa wa shugabanni gaskiya?