Sama ma tana da burtali: kira ga masu sayen fuloti a gefen filin jirgi

Duk shekara idan kaka ta yi, aka kai masara kasuwa, aka sare rake, kuɗi suka ɗan shigo hannu, wayata ba ta hutawa. Aikina safiyo, wato awon ƙasa da fitar da iyakoki, kuma tun da mutanenmu na Gwangwan da Zarewa da Fulatan da cikin Ƙaraye suka san a Kano nake aiki, duk wanda dillali ya kawo wa tallan fuloti a birni sai ya neme ni. Mafi yawan filayen da ake kawo musu na awon igiya ne, kuma da yawa daga ciki suna arewacin birni, wajajen Jaba da Fanisau da sauran unguwannin da suka kewaye filin jirgin saman Malam Aminu Kano. Dillali yana fara yabon wuri da cewa ga shi dab da filin jirgi. Ni kuwa daga nan damuwata take farawa.

Mu a Rogo da Ƙaraye ba mu da filin jirgi, amma kuɗin guminmu suna zuwa inda yake. Shi ya sa na ga ya kamata a yi wannan magana da Hausa, a fili.

Kowane manomi a wajenmu ya san burtali. Ko gonarka ce ta yi iyaka da shi, ba ka da ikon ka shuka a ciki, domin hanyar shanu ce, an ware ta tun kafin a haife ka. Jirgin sama ma yana da nasa burtalin, sai dai a iska yake, ido ba ya ganinsa. Jirgi ba ya tashi tsaye, ba ya kuma faɗowa tsaye. A hankali yake hawa, a hankali yake gangarowa, don haka yana ratsa saman gidajen da ke gaban titinsa yana ƙasa-ƙasa. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, wadda Nijeriya take cikinta, ta tsara iyakar tsayin da gini ko ƙarfe ko bishiya za su kai a kewayen filin jirgi. Hukumar NCAA ce ke tabbatar da wannan a ƙasarmu, FAAN kuma ita ke riƙe da filayen jiragen tarayya.

Ga lissafin a sauƙaƙe. A babban filin jirgi irin na Kano, daga ɗan gaba da ƙarshen titin jirgi, iyakar tsayin tana hawa ne mita 2 a duk mita 100. Ke nan idan fulotinka yana mita 300 daga nan, abin da ya haura kimanin mita 6 ya shiga hanyar jirgi. A mita 500, mita 10. A kilomita ɗaya, mita 20. Wannan hanya tana miƙewa har kilomita 15, tana ƙara faɗi tana ƙara tsayi. Ban da ita, a zagayen filin gaba ɗaya har nisan kilomita 4, akwai wata iyakar ta mita 45 sama da doron filin jirgin. Yanzu auna da gidan da kake mafarkin ginawa: bene hawa ɗaya, a ɗora rufi mai tsini irin na yayi, a kafa tankin ruwa a sama, wani ma ya ƙara da eriya. Cikin sauƙi an kai mita 10. Kuma ba daga ƙasan fulotinka ake fara ƙirga ba, daga doron titin jirgin ake farawa. In fulotin a kan tudu yake, tudun ya riga ya cinye maka wani kaso tun ba ka ajiye bulo ɗaya ba.

Wani zai ce ai jiragen da yake gani suna wucewa can sama da haka. Gaskiya ne, a ranar da komai yake lafiya. Ba don ranar lafiya aka yi dokar ba. An yi ta ne don ranar da inji ɗaya ya mutu jirgi yana tashi, ko iska ta danno shi ƙasa, ko hazon hunturu ya rufe gari direba bai ga gabansa ba. A Kano ɗin nan, ranar 24 ga Yuni 1956, wani jirgin kamfanin BOAC na Ingila ya tashi cikin hadari, iska ta danne shi ya kasa hawa, ya daki bishiya ba da nisa da ƙarshen titin ba. Mutum 32 suka rasu. A lokacin wurin gonaki ne da itatuwa. Yau gidaje ne.

Akwai wani dattijo daga wajenmu da ya tara kuɗin rake ya ba da kafin alƙalami a kan wani fuloti, sannan ya kira ni in je in fitar masa da iyaka. Takardar da ke hannunsa ta ciniki ce, rubutun hannu, da sa hannun shaidu da hatimin mai unguwa. Muna tsaye a wurin, na kafa na'ura ina ɗaukar lambobin wurin, sai ga jirgi zai sauka. Ya wuce ta kanmu tayoyinsa a sake, har ana iya karanta rubutun da ke jikinsa. Magana ta tsaya cak, yaran da ke wasa a gefe kuwa ko ɗaga kai ba su yi ba. Da ƙarar ta lafa sai ya dube ni ya ce, “Ɗana, kullum haka yake yi?” Na ce, “Kawu, kullum, dare da rana, lokacin jigilar alhazai ma ya fi haka.” Ya ce shi bene yake so, ƙasa shaguna, sama iyali. Na nuna masa a taswira inda layin titin jirgi ya miƙe ya bi ta kan fulotin, na gaya masa a nan ba za a taɓa ba shi izinin bene ba, kuma ma ban tabbata filin ba ya cikin wanda gwamnati ta riga ta karɓa ba. Ya yi shiru, ya ce, “To ai ga wasu can sun gina.” Wannan ita ce maganar da na fi ji a bakin mutane, kuma ita ce ta fi cutar da su. Ginin maƙwabci ba izini ba ne. Sau da yawa alama ce kawai ta cewa masu jan fenti ba su iso ba tukuna.

Ba zan yi wannan magana in tsallake Gwammaja ba. Ranar Asabar 4 ga Mayu 2002, da rana tsaka, jirgin kamfanin EAS da ya tashi daga Kano zuwa Legas ya zarce ƙarshen titi kafin ya ɗaga, injinansa suka shaƙi ƙura, ya kasa hawa, ya faɗa kan gidajen mutane a Gwammaja, unguwar da gidan Malam Aminu Kano na Mambayya yake. Sama da mutum 100 suka rasu, ciki har da ministan wasanni na lokacin, Ishaya Mark Aku, da mutane da dama da ke zaune a gidajensu, ba su sayi tikiti ba, ba su da niyyar zuwa ko’ina. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Mutanen Gwammaja ba su da laifin komai, unguwarsu tana da tazara daga filin jirgin, ba su ci iyakar kowa ba. Abin da nake so a lura da shi daban ne. Haɗarin jirgi ya fi aukuwa lokacin tashi da lokacin sauka, kuma a kan miƙaƙƙen layin titin. Idan har jirgi ya iya kai wa Gwammaja, me za a ce da wanda ya jingina ɗakin ’ya’yansa da katangar filin? Fegin da ake bari babu gini a ƙarshen titi, wanda mutane ke gani kamar asarar ƙasa, shi ne wurin da jirgin da ya samu matsala zai zarce ya tsaya ba tare da ya hau kan kowa ba.

Sai batun tsuntsaye, wanda a ganina ya fi na bene yawan aukuwa, kuma kowa yana da hannu a ciki. Injin jirgi iska yake zuƙa da ƙarfi, duk abin da ke gabansa ciki zai shige. Shirwa ɗaya ko garken balbela sun isa su kakkarya fukafukan cikin injin. A watan Mayun 2021 wani jirgin Max Air da ya tashi daga Kano zuwa Abuja, ɗauke da fasinjoji ciki har da Sarkin Kano na lokacin, Aminu Ado Bayero, dole ya juyo ya sauka bayan tsuntsu ya shiga injinsa. Allah ya kiyaye. A Amurka, cikin Janairun 2009, dinya ce ta kashe injina biyu na wani jirgi, direban ya saukar da shi a kan kogin Hudson, duk mutum 155 suka tsira. A Muan ta Koriya ta Kudu, a Disambar 2024, abin ya fara da tsuntsaye, ya ƙare da jirgin ya zarce titi ya daki wani ginin kankare da ke gabansa, mutum 179 suka mutu.

Me ke kawo tsuntsu filin jirgi? Abinci da ruwa. Bola, kwata, wurin shanya fata da ƙashi, kududdufin da aka haƙa don bulo aka bari ruwa ya kwanta, gonar dawa ko gero a jikin katanga, gidan kajin da ake zubar da mushe a bayansa, da masu kiwon tantabara da ke sakinsu garke-garke safe da yamma. Shawarar ICAO ita ce a sa ido a kan duk irin waɗannan har nisan kilomita 13 daga filin jirgi. Ɗauki taswirar Kano ka zana wannan da’ira, za ka ga kusan dukan birnin ya shiga. Don haka matar da ke aika almajiri ya zubar da shara a kangon da ke gefen filin, da mahaucin da ke watsar da kayan ciki a fili, duk suna cikin wannan magana ko ba su sani ba. Haka masu ƙona taya da ciyawa, hayaƙinsu yana haɗuwa da hazo ya rage wa direba gani. Haka samarin da ke haska fitilar lesa sama a wurin biki, da masu ɗaukar hoto da ke tashin ƙaramin jirgi maras matuƙi a unguwannin da ke kan hanyar sauka. Manyan rumfunan kwano da ɗakunan ajiya na ƙarfe ma suna iya karkatar da saƙon na’urorin da ke jagorantar jirgi ya sauka idan gari ya rufe.

Ta fuskar doka kuwa, dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, ta kuma ba shi ikon karɓe fili don amfanin jama’a. Idan an karɓa, abin da ake biyan diyyarsa shi ne abin da ke kan ƙasar, gini ko amfanin gona ko itatuwa. Matsalar ita ce filaye da yawa a gefen filayen jirage an karɓe su tun shekaru aru-aru, amma ba a katange ba, ba a kafa alama ba. Magada su ci gaba da nomawa, daga baya su yanka su sayar, wanda ya saya ya sayar wa wani. Na ƙarshe shi ke kwana a ciki. Mun ga haka a maƙwabtanmu. A Zariya, inda kwalejin koyon tuƙin jirgin sama take tun 1964, an rushe gidaje masu yawa a unguwar Graceland a 2021, bisa cewa filin na kwalejin ne. Mazauna wurin sun ce da kuɗinsu suka saya, suna da takardu. Ko wane ne ke da gaskiya, iyalai ne suka wayi gari a waje.

A nan ina ganin ba daidai ba ne a ɗora wa talaka laifin duka. Wanda aka bari ya haƙa tushe, ya kai linta, ya yi rufi, ya tare, ya shekara goma, sannan a zo da katafila, an zalunce shi ko da doka tana bayan mai rusau. Hanawa tun ranar da aka sauke yashi ta fi adalci, ta kuma fi arha. Ya kamata a kafa turaku da alluna da Hausa a kan iyakokin, a liƙa taswirar a sakatariyar ƙananan hukumomin da abin ya shafa, a riƙa faɗa a rediyo, a kuma zaunar da masu unguwanni da dagatai a nuna musu inda bai kamata hatiminsu ya hau takarda ba. Mu ma masu awo akwai bara-gurbi a cikinmu da ke yanka fili sun san abin da ke ƙasa.

Kai mai saye, kada ka biya ko sisi sai safiyo mai rajista ya ɗauki lambobin wurin, an kai ma’aikatar ƙasa an duba ko yana cikin filin gwamnati. Ka je hukumar tsara birni ta Kano, KNUPDA, ka tambaya ko za a ba da izinin gini a wurin, kuma hawa nawa. Ka je wurin da kanka ka zauna yini guda, ka ji ƙarar, ka ga ta ina jirgi ke bi. In dillali ya ce sauri ake yi, wani na nan zai biya gobe, bar masa.

Abu na ƙarshe ya shafe mu har gida Gwangwan. Ƙarafan sabis da ake kafawa a gonakinmu su ma suna ƙarƙashin wannan doka, dole kamfani ya samu takardar izinin tsayi daga NCAA. A 2019 hukumar ta yi barazanar rushe sama da ƙarfe 7,000 a faɗin ƙasar nan saboda rashin wannan takarda. Fentin ja da fari da ke jikinsu da jar fitilar da ke samansu don jirage masu tafiya ƙasa-ƙasa aka yi su, irin masu saukar ungulu da ƙananan jiragen koyo. In kamfani ya zo hayar gonarka, ka nemi ganin takardar kafin ka sa hannu, ka kuma sa a rubuta cikin yarjejeniya cewa kula da fitilar da fentin a wuyansu yake. In ka ga fitilar ta mutu ta kwana biyu ba a gyara ba, gaya wa mai gadin wurin ya sanar da kamfanin, in ba su zo ba a kai maganar ga dagaci.