Shin kwamfuta na gane gatse?

Wata mai sauraronmu daga Damagaram ta tambaya ko kwamfuta na gane gatse a rubutun Facebook. Hajiya, kwamfuta tana ƙoƙari, amma da sauran aiki. Ana nuna mata dubban rubuce-rubucen da aka tantance, har ta koyi alamun gatse. Sai dai idan an kwana uku babu wuta, wani ya rubuta "Madalla, an kyauta mana", yabo kawai take gani. Ba ta ji muryarsa ba, ba ta san duhun da yake ciki ba. A gasar SemEval ta 2022 an gwada aikin gane gatse da Turanci da Larabci. Abin da ta koya a can kuwa ba lallai ya yi amfani a Hausa ba, domin misalan da aka tattara cikin harshenmu sun yi kaɗan.