Darasi na Tara: Hasken Leza da Iyakar Kalmar "Ja"

Gabatarwa

Alƙalamin leza ƙaramar na'ura ce da malami kan yi nuni da ita a kan allo ta hanyar ɗigon haske. Wannan darasi zai duba yadda ake samun launukan da ke tsakanin ja da ruwan lemo a wannan na'ura, da kuma yadda Hausa ke ba su suna.

Launi da Tsawon Zango

Haske yana tafiya ne tamkar igiyar ruwa, kuma tazarar da ke tsakanin tudun igiya da na gaba ita ake kira tsawon zango. Ana auna ta da nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Leza ta farko, wadda Theodore Maiman ya haɗa a Amurka a 1960, ta ba da ja mai duhu mai nanomita 694. Galibin alƙaluman kasuwa kuwa 650 ne. Akwai kuma mai 635, wanda ya karkata zuwa ruwan lemo, ya kuma fi haske ko da ƙarfinsu ɗaya ne. Dalili shi ne, ido ya fi kama haske a wajajen 555, saboda haka duk jan da ya matso can sai ya ƙara fitowa.

Neman Launin da Ya Yi Wuya

Daga 635 zuwa yankin ruwan lemo da rawaya, ƙwayar da ke haifar da hasken, wato diyod, tana wuyar ƙeruwa. Shi ya sa masu sha'awa kan bi wasu hanyoyi. Ta farko ita ce sanyaya diyod, domin sanyi yana rage tsawon zango da misalin nanomita ɗaya a kowane digiri biyar. Ta biyu ita ce haɗa haske biyu marasa ganuwa, mai 1064 da mai 1342, a cikin wani dutse na musamman, su haifi 593.5, launin da ke tsakanin rawaya da ruwan lemo. Ta uku ita ce neman lezar iskar hiliyam da niyon mai 612.

Taɓa cikin na'urar yana da haɗari. Idan aka cire matatar da ke tare hasken da ba a gani, zai iya ƙona ƙwayar ido ba tare da mutum ya ƙifta ba. A Amurka iyakar ƙarfin alƙalamin leza miliwat 5 ne. Wajibi ne malami ya guji wanda aka yi wa kwaskwarima, kada kuma ya bar shi a hannun yara.

Matsayin Hausa

Kalmar "ja" tana da faɗin ma'ana. Bahaushe yakan ce manja, jar ƙasa da jan ƙarfe, alhali launinsu ya fi kusa da ruwan lemo. Idan yana son tantancewa sai ya ƙarfafa, ya ce ja wur. Ko ya sassauta ta hanyar ninki, ya ce ja-ja. Ko ya kwatanta da abin da aka sani, ya ce ruwan goro. Ke nan, 650 da 635 duk "ja" ne a bakinsa. Wannan ba naƙasu ba ne, domin kowane harshe da inda yake yanka iyakokin launi. Abin da ya kamaci mai koyar da kimiyya da Hausa shi ne ya haɗa suna da adadi: "ja mai ruwan lemo, nanomita 635."

Kammalawa

An ga cewa launi ya dogara ga tsawon zango, sunansa kuwa ya dogara ga al'adar masu harshe. Malamin da ya riƙe biyun zai isar da saƙo ba tare da ruɗani ba.

Auna Fahimta

1. Me ya sa mai 635 ya fi mai 650 haske?
2. Kawo sunayen launi biyar da ke farawa da "ruwan".
3. Bayyana bambancin "ja wur" da "ja-ja".