Yadda Ake Haɗa Igiyoyin Ruwa Masu Juya Kaya a Faranti

A 2025 mujallar Nature ta buga aikin masana daga Jami'ar Fudan ta China da Jami'ar Nanyang ta Singafo da wasu abokan aikinsu. Sun nuna cewa da igiyar ruwa kawai ana iya riƙe abu mai yawo a saman ruwa, a kuma sa shi zagaye. Tushen aikin ilimin tofoloji ne, fannin da ya kai Thouless da Haldane da Kosterlitz ga kyautar Nobel ta 2016. Ana iya gwada ƙaramin samfurinsa a ɗakin gwaji na makaranta.

1. Ka samo faffaɗan faranti na roba mai haske, ka zuba ruwa zurfin santimita 3 zuwa 4.

2. Sifika uku, manya, irin na ufa. Ƙananan na rediyo ba sa motsi sosai a ƙaramar mitar da ake bukata, kada ka ɓata kuɗinka. Ka liƙa wa kowace sifika sanda mai rula a ƙarshenta, bakin rular ya ɗan taɓa ruwa.

3. Ka jera su suna fuskantar tsakiya, digiri 120 tsakanin kowace biyu. Amfilifaya ɗaya za ta ja su duka, ka ba ta sauti mai bugawa sau 7 a daƙiƙa daga manhajar waya. Tsawon kowace igiya zai kusan santimita 4.

4. A nan ake faɗuwa. Igiyar da ta bugi bangon faranti dawowa take yi ta dagula komai, mutum ya yi ta ƙara sauti yana zaton ƙarfi ne ya gaza. A'a! Ka yanka soson katifa a karkace kamar gangaren bakin rafi, ka zagaye bangon da shi, faɗinsa ya fi tsawon igiya biyu. Soso mai miƙaƙƙen baki shi ma bango ne.

Sannan ka rage sautin. In ruwa ya fara fantsama, ka wuce gona da iri. Ka ɗauraye farantin sosai, don ɗan ragowar omo na kashe ƙananan igiyoyi tun kafin su isa tsakiya. A kashe fanka.

Masu cewa sai sifikun sun buga tare daidai wa daida, ba haka ba ne. Saɓanin lokaci gusar da zanen kawai yake yi. Abin da ake bukata shi ne mita ɗaya da ƙarfi kusan ɗaya.

5. Fitila a sama, farar takarda a ƙasa, ka ɗauki bidiyo mai tafiyar hawainiya. Za ka ga ɗigogi jere kamar saƙar zuma, inda ruwa ba ya hawa ba ya sauka, igiya na kewaye su, wannan ta dama, maƙwabcinsa ta hagu. Juyin cikakke ne, babu rabi, shi ya sa ƙaramar tangarɗa ba ta goge ɗigon, sai dai ta matsar da shi.

6. Ka barbaɗa ɓarɓashin farin soson kwalin talabijin kusa da ɗigo ɗaya, ka ba shi lokaci ya fara kewayawa. Kaɗan za ka zuba, in sun yi yawa mannewa suke da juna.