Mu Koyi Turanci: Yadda Ake Cewa "Ya Fi Kowa"

Darasinmu na yau kan siffofin fifiko ne. Yara da yawa a nan suke zubar da maki a jarrabawa, alhali ke kanki za ki iya gyara musu tun daga gida.

A Hausa kalmar "fi" ce ke yi mana aikin: Binta ta fi Ladi tsawo, Binta ta fi kowa tsawo. Turanci kuwa ita siffar ake sauya wa kama. In abu biyu ake gwadawa sai a ce taller, in uku ne ko fiye sai a ce the tallest.

Ga ƙa'idojin:

1. Kalma mai gaɓa ɗaya, a ƙara mata -est: long, longest. Misali: The Nile is the longest river in Africa, wato Kogin Nilu ya fi kowane kogi tsawo a Afirka.

2. In gajeriyar kalmar ta ƙare da wasali ɗaya da baƙi ɗaya, galibi ana ninka baƙin: big, biggest, hot, hottest.

3. Irin su happy da easy, y ɗin ke komawa i: happiest, easiest.

4. Doguwar kalma ba ta ɗaukar -est, most ake sa mata a gaba: the most expensive, mafi tsada.

5. Akwai masu taurin kai da sai dai a haddace: good, better, best, bad, worse, worst, little, less, least.

To 'yar uwa, ga inda ake yawan tuntuɓe. Kada ki bari yaro ya rubuta most tallest ko more better, an yi tuya biyu ke nan. In ya ce one of the best, sunan da zai biyo baya jam'i ne: students, ba student ba. Sannan eldest ta mutane ce, musamman 'yan gida ɗaya, kamar babbar 'yarki. Tsohon gini ko tsohuwar kasuwa oldest ake ce musu.

Aikin gida: yau da daddare ki jera cokula uku masu bambancin girma, ki sa yaron ya nuna big, bigger, biggest. Daga nan ya kawo siffar fifiko ta thin, heavy da beautiful. Ki duba da kanki ko ya ninka n ɗin thin.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.