Yadda Masu Dafa Giya A Ingila Suke Tace Ta Cikin Rufaffen Tanki

Haramcin giya a shari'a ba abin jayayya ba ne, amma hikimar da Allah Ya ajiye cikin halittunSa abar nazari ce ko a hannun wa aka same ta, kuma wadda masu dafa giya na Ingila suke aiki da ita ta cancanci a bayyana ta. Idan giya ta gama tsima, akan same ta a gurɓace saboda ƙwayoyin yisti da ke yawo a ciki, waɗanda ƙanƙantarsu ta hana su nutsewa sai bayan makonni. Maganin wannan shi ne wani danƙo mai suna aizingilas, wanda ake samu daga jakar iskar da ke cikin cikin kifi, a busar da ita, a narkar cikin ruwa mai ɗan tsami. Dā daga Rasha ake kawo shi da tsada, har a 1795 William Murdoch ya gano yadda za a yi shi da kifin da ke kusa da Ingila. Sirrinsa kuwa, yana ɗauke da cajin lantarki kishiyar na yisti, sai su manne su yi curi, nauyi ya ja su ƙasa, kamar dai yadda alif yake kwantar da lakar ruwan rafi.

Da farko akan sanyaya giyar har kusa da ma'aunin daskarewa, a kuma gwada danƙon a 'yan kwalabe, kowace da nata adadi, domin ƙaranci ba ya tacewa, yawa kuma yana haifar da laka mai sakwa-sakwa wadda ke jawo hasara. Danƙon kansa wajibi ne a tsare shi daga zafi, gama da zarar ya haura digiri 20 ya lalace.

Mushkilar da ta fi kowace girma ita ce shigar da shi, domin tankin a rufe yake, cike da matsin iskar kabon, wanda duk ya buɗe murfi kumfa za ta yi ambaliya, iskar waje kuma ta shiga ta ɓata ɗanɗano. Saboda haka sai a ɗauko ƙaramin tulun ƙarfe a tsarkake shi, a kori iskar da ke cikinsa da cikin tiyo da iskar kabon, sa'an nan a zuba danƙon da aka tsinka da ruwan sanyi marar iska. Bayan haka a ɗura wa tulun matsi har ya zarce na tankin, a haɗa tiyo, a buɗe famfo sannu a hankali, a bar rinjayen matsi ya tura danƙon cikin tanki. A nan ne gwani yake bambanta da ɗan koyo, domin in aka yi sakaci matsin tanki ya fi, giyar ce za ta kwararo cikin tulun.

Daga nan a busa iskar kabon ta ƙasan tanki 'yan mintoci don danƙon ya gauraya, ana rage matsi ta sama. Sai a ƙyale shi kwana ɗaya zuwa uku ba motsi, kana a buɗe famfon gindi kaɗan-kaɗan a zubar da lakar, domin gaggawa takan huda ta, tatacciyar giyar ta zube, lakar ta saura a bango.