Idan Sankara Ta Shiga Ƙashi, Ba Aikin Maɗori Ba Ne

Wata baiwar Allah ta rubuto mini daga Mabera. Shekara biyu ke nan da aka cire wa mahaifiyarta mama saboda sankara, yanzu kuma ciwon ƙugu ya hana tsohuwar runtsawa, hoto ya nuna cutar ta kai ƙashi. Dangi sun rabu biyu: wasu na cewa a kai ta wurin maɗori a murza, wasu na cewa a bar ta gida tunda likita ya ce ba a warkewa. Tana tambaya ko akwai sauran abin yi.

Akwai, 'yar'uwa, da yawa ma. Gaskiya ne sankarar da ta kai ƙashi da wuya a tumɓuke ta, amma ana danne ta, wani lokaci shekaru, ana kuma kashe zafinta. Sankarar mama da ta mafitsarar maza su ne kan gaba wajen bin ƙashi, sai ta huhu da ta ƙoda, kuma sun fi kama ƙashin baya, ƙugu, haƙarƙari da cinya.

Batun maɗori, ki tsaya kai da fata ki hana. Ba raina sana'ar na yi ba, ta ɗora mutane da dama a garin nan. Amma ƙashin da sankara ta ci kamar azara ce da gara ta cinye ta ciki: waje lafiya lau, ciki fanko. Murza ko ja na iya karya shi nan take, kuma irin wannan karaya ba kasafai take haɗewa da karan ɗori ba, sai likitan ƙashi ya sa ƙarfe. Ƙaho da sakiya ma a ajiye su.

Abin da za ki nema shi ne gashi. A nan ake samun ruɗani, domin mun saba kiran motsa gaɓoɓi gashin ƙashi, alhali wannan daban ne: haske ne mai ƙarfi da na'ura ke aunawa daidai inda cutar take, babu wuta, babu yanka. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Gawon Nama yana da sashen wannan aiki, abin da mutanen Kebbi da Zamfara ke niƙo gari su zo nema. Sau da yawa zama ɗaya yana rage zafi kamar yadda zama goma zai yi, kuma kusan shida cikin goma suna samun sauƙi. Ki tambayi likita ko zama ɗayan zai wadatar wa Inna, don ya fi sauƙi ga aljihu da jikinta. Zafin kan ɗan ƙaru a kwanakin farko kafin ya lafa cikin mako ɗaya zuwa huɗu, kada ki ce an ɓata ta. In an tura ku wani wuri, akwai asibitin Shika a Zariya, da Babban Asibitin Ƙasa a Abuja, da sabuwar cibiyar Katsina da aka buɗe a 2025. Ku tabbatar da ranar ganin likita kafin ku hau mota.

Sai maganin zafi. Ki daina jibga mata diclofenac daga kemis, yana cin ciki da ƙoda. In likita ya rubuta mofin, kada ki ji tsoro don abin da kika ga tiramol ya yi wa samarin unguwa. Mai ciwo na gaske da ke sha bisa ƙa'ida ba ɗan maye ba ne. A ba ta kan lokaci, ba sai ta fara kuka ba, a haɗa da mai sassauta bayan gida, domin mofin na taurara shi.

Akwai kuma ƙarin ruwa na zoledronic, mai ƙarfafa ƙashi, duk wata ko duk wata uku. Kafin a fara a gwada ƙoda, a kuma nuna haƙora ga likita, saboda cire haƙori bayan an fara na iya jawo rauni a muƙamuƙi. Ita kanta sankarar ana ci gaba da yaƙarta da ƙwayoyi irin tamoxifen ko letrozole idan irinta na jin su, ko da kemo.

Abu biyu ba sa jiran gari ya waye. In ƙafafunta suka yi nauyi ko suka mutu, ko fitsari ya tsaya ko ya riƙa zuba ba ta sani ba, ƙila cutar ta danne laka ne. Awoyi kaɗan ke raba mai tafiya da gurguwa. A kwantar da ita a miƙe a mota, ba a keke napep ba, sai sashen gaggawa. Haka in ƙishirwa ta yi yawa, ga amai, ga sambatu, kada a ɗora wa zafin watan Afrilu ko iska. Sinadarin kalsiyam ne kan malalo daga ƙashi ya cika jini, kuma ƙarin ruwa a asibiti na saukar da shi.

A gida, ki samo mata kujerar bayan gida ta daina tsuguno, sanda a hannu, salla a zaune. Takardun aikin da aka yi mata, musamman sakamakon gwajin tsokar da aka cire, ki haɗa su a leda ɗaya, domin su ne likita zai fara tambaya.